Makullin Wutar Bitrus

Kakuri, Kaduna.

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa daga ni da Mamanki, tare da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kin sami wurin zama mai kyau a mota, ba a ɗora miki buhun wani a cinya ba. Ubangijin da ya fitar da ke daga ƙofar gidan nan ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a kan rufin mutane, ya dawo mana da ke da ƙafafunki.

Da baki na so in yi miki maganar nan. Amma duk lokacin da na gyara murya sai ki ce, "Baba, na sani," idonki yana kan waya. Shi ya sa na rubuta na cusa a aljihun jakarki. A mota babu inda za ki gudu. Kin kuma san ni, a gaban kakata na tashi, matar da ba ta iya ba da labari ta gajeriyar hanya, don haka ki gyara zama.

Abin da kika ji yana motsi a cikin ambulan makulli ne. Kada ki yar, kada kuma ki haɗa shi da na ɗakinki. Saboda shi nake rubutun nan.

Ranar da kika dawo daga ofis kika ce kamfaninku zai tura ki sa wutar sola a ƙananan asibitocin karkara, kuma da na ƙauyenmu za a fara, Mamanki ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni kuwa na mayar da lomar tuwona cikin kwano. Kin san akwai tsohon farantin sola a kan rufin asibitin nan, kin san ni na sa shi. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda ya mutu, da dalilin da ya sa har yau ba wanda ya hau ya sauke shi. Idan kika bi sawuna wutarki ma za ta mutu, matan ƙauyen su ci gaba da haihuwa da hasken waya, kuma ba na jin za su sake yarda da wata wuta, balle wadda ta fito daga gidanmu.

Bari in faro daga masaƙa. Kin taso kin tarar da ita a rufe, ciyawa ta cinye ƙofa, amma a nan na yi ƙuruciyata ina aikin lantarki. Doka ɗaya aka dasa mana a ka: akwatin wuta a kulle yake, makulli yana aljihun mai gyara, wanda ba aikinsa ba ne kada ya kusanta. Dokar tana da kyau a can, don wutar masaƙa ba ta tambayar sunan mutum kafin ta kashe shi. Da aka rufe masaƙa na koma ƙananan ayyuka, yau in ja waya a wani shago a Makera, gobe in gyara fanka a Trikania, har na koyi haɗa sola a hannun wani abokina. Sai ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Kaduna ta yi karo-karo, aka sayi faranti da batir da ƙwayayen fitila don asibitin gida. Aka ce Bitrus ne ya san wuta, shi zai kai. Ki lura da wannan: ba ni na saya ba, aike na aka yi.

Da na isa, na tarar an shirya mini gayya. Samari sun kawo tsani, wasu sun zo da diga ko za a haƙa rami, matan zumuntar coci sun dama kunu sun jere shi a ƙarƙashin mangwaro. Goggonki Laraba, yayata, ita ce a gaba da ɗaurin ƙirjin aiki. Ni kuma na zo da abokaina biyu na masaƙa, da hular kwano a kai kamar za mu yaƙi. Na dubi jama'a na ce, "Ku yi haƙuri, wannan ba aikin gona ba ne, aikin wuta ne. Kowa ya ja baya." Suka ja baya. Muka yi aikinmu mu uku, tsaf, ko waya ɗaya ba ta karkace ba. Kunun ma ban sha ba, na ce sai na gama, kafin in gama ya huce an kwashe.

Na manta abin da na sani tun ina yawo ba wando. A wurinmu, abin da aka yi da gayya na kowa ne. Gadar rafi idan ta karye, ba a jiran kowa, wanda ya fara gani shi zai kira sauran. Amma abin da mutum ɗaya ya kafa da hannunsa nasa ne, ko a gonar wani yake. Kin san ɗorawar kakana da ke tsakiyar gonar mutane. Kowa yana shan inuwarta, amma har gobe ba mai hawa ya kaɗo ta sai an aiko mini nan Kakuri. Ranar da na kori masu gayya, ɗorawa ta biyu na dasa, ban sani ba.

Don haka, Rahila, idan suka zo da tsani, ki karɓa ko naku na kamfani ya fi kyau. Ki ba su faranti su ɗauka, ki nuna musu inda za su riƙe. A bar wani ya ɗaure ƙusa, wata ta riƙe waya. Aikin zai ɗauki lokaci fiye da yadda kuka tsara, abokan aikinki za su yi ta duba agogo. Ki bar su su duba. Abin da zai iya cutar da mutum ki yi da kanki, amma suna tsaye a kanki kina faɗin abin da kike yi. Kuma ki sha kunun tun yana da zafi, ko kin ƙoshi.

Yanzu maganar mangwaro. Da rani na je, bishiyar ta sha sara a wajen masu akuya, rana tana dukan rufin tun safe har yamma. Na ce nan ya yi. Bishiyar ta Ayuba ce, ɗan kawuna, taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa barin kuskurena ya wuce ba tare da ya yi masa waƙa ba. Yana zaune a gindinta yana kallona, ya ce, "Injiniya, ka tambayi mai bishiya kuwa?"

Na ce, "Da rana nake aiki, ba da bishiya ba."

Ya ce, "To, Allah ya ba ka ranar. Mu ƙauyawa me muka sani."

Na san akwai magana a bakinsa, amma na ƙi tambaya, don kada ya samu abin faɗa a wurin shan burkutu. Da damina ta sauka, mangwaro ya yi sabon ganye ya miƙa reshe a kan rufin, faranti ya koma zaman inuwa rabin yini. Tsuntsaye suka samu wurin hutawa, kin san kuma abin da tsuntsu yake bari inda ya huta. Ba mai iya sare reshen, don na Ayuba ne. Ayuba ba zai sare ba, don ba a tambaye shi ba. Ba mai iya hawa ya goge faranti, don na Bitrus ne.

Ke kina da na'urar da ke gaya miki inda rana za ta bi duk shekara, na gani a wayarki, abin sha'awa. Ki yi amfani da ita. Amma na'urar ba ta san mai bishiya ba. Ki je gidan Ayuba kafin ki auna komai. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce, "Baba Ayuba, na zo roƙon reshe." Zai yi miki tsiya. Zai tambaye ki ko ubanki ya daina sa hular kwano. Zai ce 'yar injiniya ta zo gyara ɓarnar injiniya. Ki yi dariya, haƙƙinsa ne, ni ya kamata in sha, ke kika gada. Idan ya gama zai ɗauko adda da kansa. Mutumin kirki ne, bakinsa ne kawai ba shi da murfi.

Ranar da aka kunna wutar an yi taro. Fasto ya yi addu'a, mata suka yi rawa, malamar asibiti ta kunna ta kashe ta sake kunnawa tana dariya. Aka ce in yi magana. Da na yi godiya na zauna, da an zauna lafiya. Sai daɗin taro ya kwashe ni. Na ce wutar nan za ta ɗauki fitilu, ta ɗauki firjin allurar rigakafi idan an samu, ta yi cajin waya, har talabijin. Na san ƙarfin batirin, na san ba zai iya ba, amma tafi yana da daɗi. Sannan na rufe da dokar masaƙa. Na ɗaga kwaɗo sama kowa ya gani, na kulle akwatin batir, na ce, "Kada kowa ya taɓa. In wani abu ya faru, a kira ni." Na jefa makulli a aljihu. Dagaci ya miƙe ya ce, "Mun gode wa Bitrus da wutarsa." Ban gyara masa ba. Gaskiya ma daɗi na ji.

Ki faɗa musu gaskiyar abin da wutarki za ta iya ɗauka, ki ma rage kaɗan. Ki ce ɗakin haihuwa ne farko, sai firji, sai abin da ya saura. Maganar cajin waya kuwa, kada ki ɓata bakinki wajen hanawa. Mutumin da ke tafiya har kasuwar wani gari don ya yi caji ba zai ga soket a garinsu ya wuce ba. A lokacina, ranar Lahadi bayan sujada, teburin malamar asibiti ya fi shagon mai sayar da waya cika. Ba laifinsu ba ne, ni na ce za ta ɗauka. Ki ware musu wuri a baranda, ki ce da rana tsaka ne lokacinsa, sa'ad da faranti yake ƙoshe. Ki bar su su zaɓi wanda zai tsare dokar, kuma ina ba ki shawara ya zama mace. Namiji zai ji kunyar hana abokinsa. Goggonki ba ta jin kunyar hana fasto.

Kada kuma ki ce musu kada su taɓa. Ki ce ga abin da za ku taɓa, ga yadda ake taɓa shi, ga wanda in ya lalace sai a kira mu. Ki sa su yi a gabanki har hannunsu ya saba. Ki kula da wanda za ki koya wa. Samari ne za su fi saurin ganewa, amma da an gama girbi rabinsu suna nan Kaduna suna tuƙa keke. Malamar asibiti ma ana iya canza mata wurin aiki. Ki koya mata, ki haɗa da mutanen da ba inda za su: matan da suka aurar da 'ya'ya, da mai gadin asibitin, da mai buga ƙararrawar coci.

Saƙo ya fara zuwa mini bayan damina ta yi nisa. Duk wanda ya zo daga gida sai ya biyo ta nan ya ce, "Wutarka ta fara rauni, ka zo ka duba." Nakan ce to, sai ruwa ya ɗauke. Lokacin kuna makaranta ku duka, Mamanki tana fama da ƙafa, hanya kuma ba kullum take da lafiya ba. Dalilai ne na gaske, ban ƙirƙira ba. Amma abin da ake bukata bai kai a jira ni ba. Tsumma da ruwa a goge faranti, sai ruwan batir a ɗan ƙara. Yaron goye ne kawai ba zai iya ba. Akwatin kuwa a kulle, makulli yana nan tare da na ɗakina, kullum ina jin ƙararsa a aljihu.

Da na samu zuwa, batir ya bushe ya kumbura. Na tarar da Goggonki tana shanya citta a tsakar gida. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Bitrus, sannu da zuwa. Matar ɗana ta haihu a asibitinka, namiji. Ni na haska wa malama da waya tana ɗinki, tana cewa Mama ɗaga sama, Mama kawo ƙasa. Ƙwan fitilarka yana bisa kanmu yana kallo."

Na ce, "Yaya, ai da kun fasa kwaɗon."

Ta ajiye tiren citta ta dube ni. Ta ce, "Mu fasa kwaɗonka? Ɓarayi ka mai da mu? Kai ka ce kada a taɓa, a gaban dagaci, a gaban fasto."

Uwa da ɗa sun tashi lafiya, yaron ma kin san shi, shi ne mai kunnuwan nan irin na gidanmu. Amma daga lokacin mata da yawa suka ce in dai da hasken waya za a yi, gara a yi a ɗaki kusa da murhu. Ba dukansu ne suka samu sauƙin da surukar Goggonki ta samu ba. Ba zan ƙara a kan wannan ba, za ki ji sunayen a can.

Kin san abin da na yi bayan wannan magana? Na buɗe akwati, na duba, na girgiza kai, na ce zan dawo da sabon batir. Na sake kullewa, na sake jefa makulli a aljihu. Sau biyu ke nan. Sabon batir bai samu ba, ni kuma na fara samun dalilin yin Kirsimeti a Kakuri. Kun sha tambayata me ya sa ba ma zuwa gida kamar da, ina cewa hanya. Hanya tana ciki. Amma har da cewa a ƙauyenmu yanzu, in mutum ya sayi rediyo ya lalace da wuri, ko saurayi ya fara neman aure ya ɓace, sai a ce abin wutar Bitrus ne. Ayuba ne ya fara, gari ya ɗauka.

Na san za ki ce batiran yanzu ba sa shan ruwa, kuma daga ofis kuna iya ganin lafiyar kowace wuta a kwamfuta. Na ji, na kuma yi murna. Amma tsuntsaye ba su canza hali ba, mangwaro bai daina tsiro ba, kwamfutar ofis kuma ba ta hawa tsani. In an kira ki, ki je, ko ki tura wani, ko ki faɗa ta waya abin da za a yi. Kada ki ce sai ruwa ya ɗauke. Kuma in kin yi kuskure, ki koma wurin da wuri, tun ana jin haushinki. Haushi yana wucewa. In aka daina jin haushi aka koma dariya, komawa ta yi wuya.

Mamanki ta leƙo yanzu ta ce, "Baban Rahila, wasiƙa kake rubutawa ko wa'azin Ista? Ka gaya mata ta riƙa cin abinci." To, na gaya miki. Ta ce kuma in ce ki bar takalmin nan mai santsi a gida. A nan tana da gaskiya. Kwanon rufi da raɓar safe ya fi sabulu santsi, da rana kuma yana gasa tafin hannu, ki ɗaura igiyarki ta tsaro ko ana yi miki dariya. Ku yi tafiya da safe, kada yamma ta same ku a hanya saboda ana son a ƙarasa aiki. In mutanen gari suka ce yau kada a bi ta wuri kaza, kada ki tambayi taswirar waya, ki ji maganarsu. Za a samu masu cewa ba su taɓa ganin mace a kan rufi ba. Kada ki amsa, ki bar wa Goggonki, ta daɗe ba ta samu abokin faɗa ba.

Saura makulli. Tsohon farantin yana nan a kan rufi, akwatin yana nan a kulle, kuma ba za su bar ki ki sauke su ba, ko da takardar kamfani, don mai su yana da rai bai ce komai ba. A al'adarmu, in mutum zai bar wa jama'a itacensa, yakan faɗa da bakinsa a gaban dattawa, ko ya aiki ɗansa ya faɗa a madadinsa. Ke nake aika. Kafin ki sauke kaya daga mota, ki nemi dagaci da fasto da Goggonki da Ayuba, da malamar asibiti, a tsaya a gindin mangwaron nan. Ki ce, "Babana Bitrus ya ce in gaishe ku. Ya ce wutar nan da ma ba tasa ba ce, aikensa aka yi, shi kuma ya riƙe. Ya ce ya saki." Sai ki sa makullin a hannun Goggonki. Ita ta buɗe, ba ke ba. Su sauke tsohon da hannunsu, su ɗora sabon tare da ke. Makullin sabon akwati kuma a buga masa ƙusa a bangon asibiti, inda kowa zai gan shi.

In an zo taron kunnawa wani ya miƙe ya ce an gode wa Rahila da wutarta, ki tashi nan take ki gyara masa, ko dagaci ne. Ki yi da ladabi, amma ki yi kafin a fara tafi.

Na gaya wa Mamanki bana a gida za mu yi Kirsimeti. Ta dube ni ta ce in sake faɗa, ta kira maƙwabciya shaida. Idan mun sauka, zan wuce bakin asibiti in tambayi duk wanda na fara gani, wutar wa ce wannan. In aka ce ta Rahila ce, sai mu nemi benci ɗaya ni da ke, Ayuba ya yi mana waƙa tare. In kuwa aka dube ni sama da ƙasa aka ce, "Tamu ce, Baba, me kake nema?" to sai in cire hula, in roƙi a ba ni izini in yi cajin wayata a baranda, in an ce lokaci bai yi ba in zauna in jira.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki daga mugun direba da mugun mutum da ruɓaɓɓen katako. Ya ba ki haƙurin sauraron tsofaffi da ƙarfin hawa tsani, ya sa matan da za su haihu a ɗakin nan su ga fuskar 'ya'yansu da kyau. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki kira in kin sauka, ko sau ɗaya wayar ta yi ƙara mun gane.

Ni ne mahaifinki,
Bitrus.